Igiyar Rama da Igiyar Leda

Wanda ya shiga kasuwar Shuwarin, kusa da Dutse, ya kan tarar da igiya iri biyu, ta rama da ta leda. Bari mu bincika asalinsu, gama ko da ya ke ba daga wuri ɗaya su ke ba, gininsu iri ɗaya ne.

Kowace igiya an yi ta da ƙwayoyi ƙanana ƙwarai waɗanda ido ba ya gani, dubbai sun kama juna a jere kamar duwatsun wuya a zare. Masana suna ce da irin wannan abu folima. Tsawon jeren nan shi ke ba igiya ƙarfi.

A cikin rama, da auduga, da kabar da mu ke saƙa tabarma, ƙwayar nan sukari ce, wadda tsiro ya ke yi da ruwa da iska da hasken rana. Garin gero ma jeren sukari ne. To, don me mu ke cin tuwo, amma ba mu iya cin auduga? Domin ɗaurin ƙwayoyin ya bambanta, cikinmu kuwa ɗauri ɗaya kaɗai ya ke iya kwancewa. Akuya ta fi mu a nan. Akwai ƙananan halittu cikin tumbinta masu kwance ɗayan, shi ya sa ta ke ƙoshi da kara da harawa.

Leda ba ta tsiro. Daga man fetur da iskar gas a ke samun ƙwayarta, mutane su ɗaura ta a masana'anta. A Ingila aka gano ledar zuba kaya a 1933, Wallace Carothers kuma ya yi nailan a Amurka a 1935. A ƙasarmu an sami mai a Oloibiri a 1956. Masana'antar Eleme, kusa da Fatakwal, tana yin tsabar leda, a Kano kuma a kan narkar da irin wannan tsaba a yi buta da bokiti.

Ba mu raina leda ba. Tana da araha, guga na roba kuma ba ya ruɓewa a bakin rijiya. Amma ku lura, igiyar rama in ta tsufa gara ta kan cinye ta, ta koma ƙasa. Ɗaurin leda kuwa, ba gara ba, ba tumbin akuya ba, ba mai kwance shi. Akuyar da ta haɗiyi leda a bola ta kan yi ta ramewa alhali cikinta a cike ya ke, mai ita ba ya sanin dalili sai mahauci ya buɗe tumbin.