Ƙibar da Ake Gada: Darasi Daga Ɓeraye

Manomi a Rijiyar Zaki ya san ɓera da ɓarnar rumbu. Amma a ɗakunan bincike, masana kimiyya suna kiwon ɓeraye ne don gano yadda cututtuka ke bin jini daga iyaye zuwa 'ya'ya. Ta wannan hanya aka gano cewa akwai wata irin ƙiba da ba kwaɗayi ke kawo ta ba.

Me aka gano?

A cibiyar bincike ta Jackson da ke jihar Maine a Amurka, an samu wani dangin ɓeraye masu ƙiba fiye da kima, har wani kan ninka ɗan'uwansa nauyi. A shekarar 1995 aka gano dalili: sun gaji ƙwayar halitta mai lahani daga uwa da uba, wadda ta hana jikinsu samar da lafiyayyen sinadarin inzayim da ake kira CPE.

Mene ne aikin wannan sinadari?

Jiki yana haɗa wasu sinadarai masu kai saƙo. Insulin yana daidaita suga a jini, wasu kuma suna sanar da ƙwaƙwalwa cewa an ƙoshi. Sai dai da farko jiki kan haɗa su ne kamar gero a zangarniya. Kafin su yi amfani, sai an sussuke an sheƙe. Inzayim mai suna PC1 shi ke sussuka, CPE kuma shi ke shiƙa. Idan ɗaya ya rasa, saƙon ƙoshi ba ya isa ƙwaƙwalwa yadda ya kamata. Ɓeran sai ya dinga ci, kitse ya taru, suga ya hau, haihuwa ma ta yi wuya.

Mutane fa?

A 1997 likitoci a Kambirij ta Ingila suka ba da rahoton wata mata da ta rasa PC1, wadda ta fara ƙiba tun tana ƙarama. A 2015 kuma masu bincike a Landan suka gano wata budurwa 'yar asalin Sudan da ta rasa CPE. Tana da ƙiba mai tsanani, ciwon suga, jinkirin balaga da wahalar koyo. Iyayenta auren zumunci suka yi.

Gadon yana tafiya ne kamar na sikila. Uwa da uba suna iya ɗauke da ƙwayar suna lafiya lau, amma a kowane ciki akwai yiwuwar ɗaya cikin huɗu a haifi mai lalurar. Shi ya sa ta fi bayyana inda dangi suka daɗe suna auren juna. Gwajin jinin da ake yi kafin aure ba ya nuna ta.

Alamomin da iyaye za su lura da su

1. Ƙiba mai yawa da ta fara kafin yaro ya kai shekara 5.
2. Yunwar da ba ta ƙarewa: yaro ya gama ci ya koma kuka, ko ya tashi neman abinci cikin dare.
3. Gudawa mai tsanani tun yana jariri, daga baya ƙiba ta biyo.
4. Jinkirin balaga.
5. Samun irin haka ga wani yaro a dangi.

Shawara

A wajenmu jariri ɓulɓul abin alfahari ne, har a ce yana shan nono sosai. Galibi haka ne. Amma idan alamomin nan sun haɗu, kada a doki yaro ko a kira shi acici, kada kuma a hana shi abinci da ƙarfi ko a ɗura masa jiƙe-jiƙen rage ƙiba. A kai shi wurin likitan yara tare da katin awon nauyinsa. Za a duba suga da sauran sinadaran jini, a kuma tsara masa abinci. A 2020 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata allura, setmelanotide, ga masu rashin PC1 da wasu lalurori makamantansa.

A sani cewa wannan lalura ba ta da yawa. Ƙibar mafi yawan manya tana zuwa ne daga haɗuwar gado da yawan maiƙo, lemon kwalba da zama wuri ɗaya. Rage waɗannan da yawaita tafiya a ƙasa suna kare mutum daga ciwon suga da hawan jini.

Allah ya ƙara mana lafiya, amin.