Darasi: Rigar Gado da Bangaskiyar Mai Bi

Karatu: Ayyukan Manzanni 15:1-21, 1 Korantiyawa 10:14-31

Gabatarwa

Cinikin goro ne ya zaunar da Hausawa a Agege, jirgin ƙasan da ya haɗa Legas da Kano a 1912 kuwa ya ƙara yawansu. Cikin 'yan Arewa mazauna Agege da Mile 2 akwai iyalan Kirista masu sujada da Hausa. Da yawa cikin 'ya'yansu suna gudun kaftani da hula, wasu don tsoron ba'ar "aboki", wasu kuwa don zaton rigar ta wani addini ce. Shin bin Almasihu yana nufin tuɓe rigar gado?

Misali daga Peru

A ƙasar Peru, Amurka ta Kudu, Sifaniyawa suka kama Atahuwalfa, sarkin Inka, a 1532, suka kafa mulkinsu da addininsu. A 1572 aka hana Inti Raimi, bikin yi wa rana sujada. Bayan tawayen 1780 kuma aka haramta tufafin sarautar Inka. Hanin farko ya shafi bauta, na biyun kuwa wulaƙanci ne kawai ga jama'a.

Har yau mutanen duwatsun Andes suna saƙa mayafai masu launi da gashin dabbar alfaka, suna shiga majami'a da su, suna karanta Littafi Mai Tsarki da harshensu na Kecuwa. Amma akwai waɗanda suke haɗa wannan da miƙa ganyen koka da hatsi ga Facamama, wato "uwar ƙasa". A nan ne iyaka take: mayafi sutura ce, baiko kuwa sujada.

Koyarwar Nassi

Majalisar Urushalima ba ta ɗora wa al'ummai al'adun Yahudawa ba, amma ta gargaɗe su game da abin da aka miƙa wa gumaka. Bulus ma ya koya wa Korantiyawa su guji teburin aljannu, su yi kome domin ɗaukakar Allah. Saboda haka babbar riga, zane da kallabi ba su da laifi a gaban Ubangiji. Laya da aka ɗinke cikin rigar ita ce abin tuɓewa.

Iyayen da suka bar yaro ya ji kunyar rigar kakansa, gobe zai ji kunyar harshen da ake yi masa addu'a da shi. Kowa ya bar gida, gida ya bar shi.

Tambayoyi

1. Waɗanne al'adun biki da suna ne iyali zai riƙe, waɗanne zai bari?
2. Wace amsa yaro zai bayar in an yi wa rigarsa ba'a?

Abin addu'a: a roƙi Allah ya ba iyaye mazauna Kurmi hikimar rarrabe tsaki da tsakuwa.