Wat 70 ko wat 140? Zaɓen risibar silimar falo idan aljihu bai cika ba

Wani magidanci ya rubuto yana cewa: "Ina so in haɗa silima a falona, lasifika biyar da wufa ɗaya, amma kuɗin hannuna ba su da yawa. Na ga wata risiba an rubuta wat 140 a kwalinta, wata kuma wat 70, kuma mai 70 ɗin ta fi tsada. A wani shagon ma na ga wadda aka rubuta wa 5000W, kuɗinta bai kai rabin na waɗancan ba. Wacce za ta ishe ni? Falon mita 4 ne a faɗi, 5 a tsawo."

Fara cire mai 5000W daga lissafi. In ka duba da kyau za ka ga haruffan PMPO a gefen lambar. Wannan awo ne da ba shi da ƙa'idar da kowa ya yarda da ita, kowane kamfani abin da ya ga dama yake rubutawa. Soket ɗin bangon falonka mai amfiya 13, a wutar bolt 230, iyakar abin da zai iya bayarwa bai wuce wajen wat 3,000 ba. To ta yaya ɗan akwatin da yaro zai ɗauka da hannu ɗaya zai fitar da 5,000? Araha ba ta ado.

Sauran biyun kuwa, ba abin mamaki ba ne ƙarfinsu ya zama ɗaya. Ɗauki misalin Denon AVR-S540BT, ɗaya daga cikin masu sauƙin kuɗi. A takardarta za ka ga wat 70, za ka kuma ga wat 140, duk na'ura guda. Babu ƙarya a ciki, yanayin awon ne ya bambanta. An samu 70 ɗin ne da aka kunna layi biyu a tare, a kan lasifika mai om 8, aka auna dukkan sautin da kunne ke ji, daga 20Hz har 20kHz, gurɓatar sautin kuma ba ta wuce kashi 0.08 cikin ɗari ba. An samu 140 ɗin da aka kunna layi ɗaya tal, a kan om 6, da sauti guda na 1kHz, aka kuma bar gurɓatar ta kai kashi 10 cikin ɗari. Kashi 10 ɗin nan ba sautin da mutum zai zauna yana saurare ba ne, karkarwa ce da tsatsa a kunne. Wani kamfanin ƙaramar lambar yake sa wa a gaba, wani kuma babbar. Tun 1974 hukumar kula da kasuwanci ta Amurka, FTC, ta kafa doka a kan yadda za a riƙa tallata ƙarfin amfilifaya saboda irin wannan zuzutawa, amma har yau kwali na nan da dabarunsa.

Don haka duk lambar da ka gani, nemi abubuwa huɗun nan a bayanta: layi nawa aka kunna, om nawa, wane zangon sauti, da kuma THD, wato yawan gurɓatar. Lambar da za ka kwatanta na'ura da na'ura da ita ita ce ta layi biyu, om 8, 20Hz zuwa 20kHz, THD ƙasa da kashi 0.1. In kamfani bai rubuta irin wannan ba, ka ɗauki babbar lambar tasa ka raba biyu, ba za ka yi nisa da gaskiya ba.

Batun yawan layin ya fi sauran muhimmanci, kuma shi aka fi ɓoyewa. Tiransifoma ɗaya ce a cikin risiba take ciyar da duk layukan, kamar tankin ruwa guda ne mai famfo biyar: buɗe ɗaya ka ga ruwa na feshi, buɗe biyar ɗin ka ga kowanne ya yi sanyi. Risibar da ke ba da 70 a layi biyu, idan duk biyar suka nemi ƙarfi a lokaci guda, abin da kowanne zai samu zai ragu sosai. Juya na'urar ka karanta wutar da aka ce tana ci. Wannan lambar ba cikakken ma'auni ba ce, domin ba lallai ne a kan ƙarshen ƙarfi aka auna ta ba, amma in ka ga an rubuta tana cin wat 250 alhali kwali na alkawarin 140 sau biyar, wato 700, ka san alkawarin ba na lokaci guda ba ne. Irin amfilifayar da ke cikin mafi yawansu ma, kaso mai tsoka na wutar da ta sha zafi yake zama. Ɗaga ta ka ji nauyi. A wannan ajin, nauyin galibi na tiransifoma ne da ƙarfen da ke zuƙe zafi, kuma alama ce mai kyau.

Sai dai kada wannan ya tsorata ka, domin fim ba ya neman duk lasifikokin su yi ihu a tare na tsawon lokaci. Magana daga ta tsakiya take fitowa, na baya kuwa mafi yawan lokaci ƙarar iska ce, ko ruwan sama, ko wucewar mota.

Yanzu ga ainihin lissafin, wanda in ka riƙe shi ba mai sake ruɗa ka da wat. Ana auna ƙarar sauti da desibel. Duk lokacin da ka ninka wat sau biyu, desibel 3 kawai ka ƙara, abin da kunne zai ce "ya ɗan ƙaru". Kafin kunne ya ce ƙarar ta ninka, sai ka ƙara wajen desibel 10, wato ka ninka wat sau goma. Ke nan tsakanin risiba mai 70 da mai 100 bambancin desibel ɗaya da rabi ne. Mutane da yawa suna ƙara kuɗi masu kauri saboda wannan ɗan bambancin, alhali da an rufe musu ido ba za su gane wacce ake kunnawa ba.

Inda ƙarar take a zahiri shi ne jikin lasifikar. A takardar kowace lasifika akwai lambar da ke nuna irin ƙarar da take fitarwa da wat ɗaya a nisan mita ɗaya, yawanci tsakanin desibel 85 da 91. A ce taka mai 88 ce, kujerarka kuma na nisan mita 3. Nisan zai ci wajen desibel 9 da rabi, ko da yake bangon ɗaki yana mayar da wani abu. Da wat ɗaya rak kana jin kusan 79, wanda ya riga ya fi ƙarar hira nesa ba kusa ba. Da wat 10 ka kai 88 da 'yan kai. Da wat 70 kana wajen 97 daga lasifika ɗaya, kafin a haɗa da 'yar uwarta. A wannan matakin maƙwabci ya riga ya aiko yaro. Kuma zama cikin ƙarar da ta wuce 85 na sa'o'i da yawa yana lalata ji, wannan sananne ne a wurin likitocin kunne. Sauran wat ɗin da ba ka taɓawa ajiya ce don lokacin da bam zai tashi a fim ko a buga ganga da ƙarfi.

Kwatanta lasifika mai 85 da mai 91. Bambancin desibel 6 ne, ma'ana mai 85 sai ta sha wat ninki huɗu kafin ta kamo 'yar uwarta. Mai 91 a kan wat 50 daidai take da mai 85 a kan wat 200. Shi ya sa nake cewa a zaɓi lasifika tukuna sannan a nemo mata risiba, ba a yi akasin haka ba. Ka kuma duba om ɗinta. Yawancin ƙananan risibobi an yi su ne don om 6 zuwa sama. Lasifika mai om 4 tana jan wuta ninki biyu na mai om 8, sai na'urar ta ɗau zafi ta kashe kanta a tsakiyar fim. In ba a rubuta a bayan risibar cewa tana ɗaukar om 4 ba, kada ka gwada.

Wufar da ka ambata ita ce babbar mai ceton ƙaramar risiba, muddin mai amfilifayar kanta ce, wadda ake jona wa wuta daban. Kaurin sauti shi ya fi cin wuta. Shiga saitin risibar ka sa duk lasifikokin a matsayin ƙanana, ko da dogaye ne a ido, sannan ka sa mahaɗar sauti tsakanin wufa da sauran lasifikokin a 80Hz. Daga nan duk wani gurnani da ke ƙasa da haka wufa ce za ta ɗauka, risibar ta huta ta fuskanci magana da kiɗa. Ƙaramin saiti ne, amma ya fi ƙarin wat 30 amfani. Ka lura, akwai wufar da ba ta da amfilifaya, irin wadda ke zuwa da saitin kwali guda. Irinta ba za ta yi aiki a ramin wufa na yawancin risibobi ba, domin sigina kawai ramin ke fitarwa, babu ƙarfi a ciki.

Alamar cewa ƙarfi ya gaza ba wuyar ganewa: ka ƙara murya sai sautin ya bushe, ya yi tsini, muryoyi su fara fashewa. Rage nan take. Amfilifayar da aka matsa wa fiye da ƙima tana yanke kan sautin, wannan yankakken sautin kuma shi ke ƙona 'yar ƙaramar lasifikar sama, tiwita.

Ga falo irin naka, risiba mai layi biyar da wat 60 zuwa 80 na gaskiya, daga Yamaha ko Denon ko Sony ko Onkyo ko Pioneer, ta wadatar. Ban ga dalilin biyan kuɗin layi bakwai ko Dolby Atmos ba in ba ka da niyyar rataya ƙarin lasifikoki. Abin da za ka tabbatar shi ne tana da HDMI mai ARC don sautin talabijin ya dawo ta waya guda, tana kuma wuce hoton 4K in talabijin ɗinka irinsa ne. In tana da ɗan makirufon daidaita ɗaki, kamar YPAO na Yamaha ko Audyssey na wasu Denon, ka tabbata an ba ka shi, domin a kayan hannu shi da rimot ne suka fi ɓata.

A ƙasashenmu kuwa, abin da ya fi kashe risiba ba ƙarancin wat ba ne. Tokumbo, wato kayan hannu na ƙetare, da yawa da ake samu a Alaba ko Sabon Gari daga Amurka suka fito, kuma na bolt 120 ne. Jona irinta kai tsaye a wutar 230 sau ɗaya ya isa ta ƙone. Karanta bayanta kafin ka biya. In 120 ce, sai da tiransifomar rage wuta wadda ƙarfinta ya zarce abin da risibar ke ci da rata mai kyau, kuma ka sa kuɗinta cikin lissafi, don wani lokacin arahar a nan take ƙarewa. Ka sa mata sitabilaiza saboda hawa da saukar wuta, kada kuma ka bar ta a kunne lokacin da ake sauyawa zuwa janareta. Masu inbata su sani cewa wadda ba ta fitar da tsabtatacciyar wuta tana sa tiransifoma gurnani da zafi.

Sai zafi. A watan Afrilu, lokacin da Kano da Sakkwato da Maraɗi ke haura digiri 40, risibar da aka cusa cikin rufaffiyar durowa aka ɗora mata dikoda a kai ba za ta yi tsawon rai ba. Bar mata sarari kamar faɗin tafin hannu a sama, gefe da baya su sha iska, bayan hunturu kuma a busa ƙurar da ta toshe ramukan saman.

In ta hannu za ka saya, kada ka yarda da gwajin minti biyu. Ce wa mai shago ya ɗauki lasifika ɗaya ya bi da ita ramukan biyar ɗaya bayan ɗaya, ka ji kowanne na magana ba tare da ƙara ko shiru ba. A gwada kowane ramin HDMI da talabijin, domin allon HDMI na cikin abin da ya fi mutuwa a tsofaffin risibobi, gyaransa kuma yakan kusa kuɗin wata. Sannan a bar ta tana kiɗa da ɗan ƙarfi na kamar minti 20. In ta ɗauke da kanta, ko ka ji ƙaurin waya daga ramukan sama, ka mayar da kuɗinka aljihu ka duba ta gaba.