Ina Ake Neman Sauƙi A Kayan Inji, Ina Ba A Nema?

Kusan duk wanda ya kawo mini aikin inji, da na lissafa masa kayan da za a sayo sai ya ce, "Oga, orijina za mu sa ko a nemo mai sauƙi?" Amsar tana ga abin da ya lalace. Akwai inda zan ce ya sayi mai sauƙin kuɗi hankalinsa kwance, akwai kuma inda idan ya dage sai mai arha, gara ya kai motar wani garejin.

Abin da masu mota da yawa ba su sani ba shi ne, kamfanin mota ba shi ke ƙera duk abin da ke cikin injinsa ba. Fulogi da sensoci da dama na Toyota, Denso ke yin su, kamfanin da ya fita daga jikin Toyota a 1949. Famfon ruwa kuwa galibi aikin Aisin ne. Honda ta daɗe tana amfani da fulogin NGK. Saboda haka famfon Aisin a kwalin Aisin sau da yawa shi ne dai wanda ake sayar maka a kwalin Toyota, tambari kawai ka ƙara wa kuɗi. Mai Corolla ko Camry ta zirga-zirgar yau da kullum, nan na fi tura shi.

Matsalar ita ce jabu, kuma jabu ya fi son shiga kwalin orijina. A Kofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, ɗan kasuwa mai tsoron Allah zai ɗora maka kala uku na abu ɗaya a kan teburi, ya faɗa maka matsayin kowanne da kuɗinsa. Irin wannan ake riƙewa. Wanda ya rantse maka orijina ce alhali kuɗinta bai kai rabin na maƙwabcinsa ba, ka tuna arha ba ta ado.

Ina ajiye da filtar baƙin mai guda biyu da na yanka da zarto don nuna wa masu mota. A waje fenti ɗaya, rubutu ɗaya. Ta kirkin takardarta mai kauri ce, ninki a jere daf da daf, da wata roba a bakinta da ke hana mai komawa ƙasa idan an kashe mota. Ta jabun kuwa takardarta sakayau, ninkin tsilla-tsilla, gam ya dunƙule a gefe, robar kuma ta ƙandare. Mai irin wannan filta shi ke jin inji yana ƙarar ƙarafa da safe kafin mai ya hau. Ƙarar nan ƙarfe ne ke cin ƙarfe, kullum kaɗan-kaɗan, har ranar da za a ce injin ya buga.

Inda ba na sassautawa ko kaɗan shi ne tayimin bel. A Peugeot 406, idan bel ɗin nan ya tsinke ana tafiya, fistin zai daki bawul ya lanƙwasa su, dole a sauke kan inji. Abin da ka rage a kuɗin bel ba zai biya ko ladan kwancewa ba. A sa na kamfanin da aka sani, irin su Gates, a canja tare da tayoyinsa da famfon ruwa tunda an riga an buɗe wurin. Masu Corolla ta 2003 zuwa 2008 sun huta da wannan, tasu sarƙa ce. Haka gasket ɗin kan inji: duk abin da sai an yi wuni ana kwance-kwance kafin a kai gare shi, ba a gwaji da shi.

Sensa da kwayil masu arha su kuma ba sa kashe inji nan take, aljihu suke ci. Mota ta riƙa shan mai, tana shaƙewa a danja, wutar gargaɗi ta ƙi mutuwa, mai ita yana zargin gidan mai. Af, batun tamostat da wasu abokan sana'armu ke cirewa su yar wai ƙasarmu da zafi: idan ta lalace a sayi mai kyau a mayar, injin da ba ya kai zafinsa na aiki shi ma mai yake sha.

Kayan Beljiyam, wato na hannu da ake shigowa da su, suna da ranarsu. Kik, altaneta, kan inji, duk abin da ƙarfe ne ana iya gwada shi a gabanka, tsohon orijina yakan fi sabon da ba a san asalinsa ba. Amma bel, roba, sil da gasket kada ka saye su na hannu, sun riga sun tsufa a jikin wata motar. Filtar iska, fanbel da tiyon lagireto kuwa, na kowane kamfani mai suna ya wadatar. A lokacin hunturu ma, yawan canja filtar iska ya fi tsadarta amfani.

In za ka kasuwa da kanka, tafi da lambar shasi da tsohon da aka ciro, a haɗa su gefe da gefe, domin Corolla ta Amurka da ta Turai ta shekara ɗaya ba lallai kayansu su zo ɗaya ba. Ka karɓi rasit, ku yi magana a kan dawowa da shi idan bai hau ba. In kuma makaniki ne ya sayo, ka ce ya nuna maka kwalin sabon, ya ba ka tsohon a leda.