Gyambon Ciki da Ƙwayar Cutar da ke Haddasa Shi

A Dantchiao da ƙauyukan da ke kewaye da ita, har zuwa Magariya da Dungas, da wuya a sami gidan da babu mai kukan ƙwarnafi ko zafin ƙahon zuciya. Wani ya ɗora wa yunwa laifi, wani ya ce yaji ne, wani kuma ya ce yawan tunani. Sai a jiƙa kanwa a sha, ko a tare mai tallan magani ranar kasuwa. Ciwon ya lafa kwana biyu, ya sake dawowa.

Likitoci ma sun daɗe cikin irin wannan zato. A da sun ɗauka babu ƙwayar halittar da za ta iya rayuwa a tumbin mutum saboda tsananin tsamin ruwan da ke narka abinci. A shekarar 1982 wasu likitoci biyu na birnin Perth a ƙasar Ostireliya, Robin Warren da Barry Marshall, suka gano wata ƙwaya mai murɗaɗɗen jiki a tumbin masu gyambon ciki. Da abokan aikinsu suka ƙi gaskatawa, a 1984 Marshall ya kwankwaɗi ruwa mai ɗauke da ita, cikin 'yan kwanaki tumbinsa ya kumbura. A 2005 aka ba su biyun kyautar Nobel. Sunan ƙwayar Helicobacter pylori.

Dabararta ita ce tana fitar da wani sinadari da ke kashe kaifin tsami a kewayenta, sannan ta nutse cikin majinar da ke lulluɓe da bangon tumbi, ta yi zamanta shekara da shekaru.

Ya kamata jama'a su sani cewa ba kowace ƙwaya ce abokiyar gaba ba. Tumbin mai lafiya yana da ƙwayoyi iri-iri, hanji kuwa ya fi shi nesa ba kusa ba, kuma da yawansu suna taimakon narkewar abinci da tsare jiki. Manomin gero ya san aikin ƙuduji: in ya kama gona, sai ya tsotse amfanin ya bar ta fayau. Haka Helicobacter take mamaye tumbi har sauran su ragu ƙwarai. In aka daɗe ba magani, bangon tumbi yakan sirance, tsami ya yi ƙasa. Daga nan ƙwayoyin baki da na hanji, waɗanda da ba su da wurin zama a tumbi, sai su samu ƙofa. Wasunsu suna sarrafa abinci zuwa sinadarai masu iya jawo ciwon daji. A 1994 cibiyar binciken daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa Helicobacter cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa wannan cuta.

Kusan rabin mutanen duniya suna ɗauke da ƙwayar, a Afirka ma abin ya haura haka. Galibinsu ba sa jin komai. Wajen mutum ɗaya ko biyu cikin 10 ne ke kaiwa ga gyambo, masu kamuwa da daji kuwa ba su kai haka ba.

Yawanci tun ana yara ake ɗaukarta, ta yawu ko ta ruwa da abincin da bayan gida ya gurɓata. Rijiya marar murfi, gugar da ake yarwa a ƙasa, fita daji maimakon masai, tauna wa jariri abinci, da cin tuwo da hannun da bai ga sabulu ba, duk hanyoyi ne.

Kanwa tana kwantar da tsami na ɗan lokaci, amma ba ta taɓa ƙwayar. Magungunan ciwon jiki irin su diclofenac, ibuprofen da asfirin, waɗanda manoma ke yawan sha bayan wunin noma, su kansu suna cin bangon tumbi. Kafso biyu ko uku na maganin kashe ƙwayoyi da aka saya a faranti sukan hallaka masu amfani, su bar mai cutar ta ƙara taurin kai.

Maganin gaskiya haɗi ne: masu kashe ƙwayoyi iri biyu da mai rage tsami kamar omeprazole, a sha kwana 10 zuwa 14 babu tsallake. Ana gane cutar ta awon bayan gida ko na numfashi, ko ta zura na'urar leƙa tumbi.

Duk wanda zafin cikinsa ya ƙi ci ya ƙi cinyewa ya nufi gidan likita mafi kusa. Wanda kuwa ya yi aman jini, ko bayan gidansa ya yi baƙi kamar kwalta, ko yake ramewa ba dalili, a garzaya da shi asibitin Magariya ko babban asibitin Damagaram a ranar, kada a jira ranar kasuwa.