Daɓen ƙofar gida ya tsage: kafin ka sayi siminti, duba ƙarƙashi

Da zarar damina ta ɗauke, masu gidaje da dama a Gusau, daga Tudun Wada har Samaru da Damba, kan tarar daɓen ƙofar gida ya dare, ko inda mota ke hawa ta shiga get ya lotsa. Nan take sai a kira birkila, ya kwaɓa buhu ɗaya, ya shafe saman. Kafin damina ta gaba ta raba, tsagar ta dawo daidai inda take. Siminti bai yi laifi ba, ƙasar da ke ƙarƙashinsa ce ta motsa, kuma ba a taɓa ta ba.

Ka fara da gwajin da ba ya cin ko sisi. Ɗauki guntun rodi ka bi daɓen kana ƙwanƙwasawa. Inda ka ji ƙara irin ta fanko, ruwa ya kwashe cikon ƙasa ya bar rami. Sannan ka shafa tsagar da tafin hannu. In siririya ce, tsinken ashana ba ya shiga, kuma ɓangarorin biyu suna daidai, to ciwon na sama ne: a ɗan buɗa ta da kurfi, a wanke ƙurar, a jiƙa, a cike da siminti da lallausan yashi. Buhu ɗaya ma zai yi saura. Amma in gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu, faci ɓarnar kuɗi ne. Sai an fasa wurin.

Abin da ke motsa ƙasar sananne ne. Cikon da aka zuba ba a daddaɓe ba, ruwan indararo da ke zuba a gindin daɓe, kwatar da ke tsiyaya ta ƙarƙashi, da saiwar darbejiya da aka shuka dab da katanga. Gidajen da ke kusa da fadama ko bakin gulbi, a Gusau da Bungudu, suna da ƙarin matsala: laka tana kumbura da ruwa, ta tsuke da rani, daɓen yana hawa da sauka tare da ita. A irin wannan wuri a kwashe lakar sama, a zuba burji hawa-hawa, kowane hawa a yayyafa ruwa a daddaɓe. Wannan matakin ne ake yawan tsallakewa don ba ya ganuwa, ni kuwa a nan nake so ka fi tsayawa a kan masu aiki.

Batun kuɗi kuma, kada ka yarda da jimla a dunƙule. A watan Oktoban 2023 kamfanin BUA, mai masana'anta a Kalambaina ta Sakkwato, ya sanar da naira 3,500 a matsayin farashin buhu daga masana'anta. Zuwa Fabrairun 2024 buhu ya haura naira 10,000 a kasuwanni da yawa. Kayan da ke tsalle haka, da buhu ake lissafinsa, ba da naira ba. Hanyar mota mai faɗin ƙafa 10 da tsawon ƙafa 16, a kaurin inci 4, tana cin buhu 9 zuwa 10. In motar kaya ko tankar ruwa za ta riƙa hawa, a kai inci 6, wato kusan buhu 14. Kowane buhu na kilo 50 ana haɗa shi da kwanon sarki 4 na yashi mai kaifi da 8 na tsakuwa. Duk wanda ya ce zai yi maka da rabin wannan simintin, yashi zai ƙara, kuma araha ba ta ado. A kan haka sai ka ɗora kuɗin fasa tsohon daɓe da kwashe shi, kuɗin tifa, ladan birkila da leburori, da na 'yan ga-ruwa. Mutumin Tsafe ko Bungudu ya ji farashin Gusau, ya haɗa da kuɗin mota, kafin ya yanke inda zai saya.

Ranar zubawa, ka tabbata daɓen ya ɗan karkata zuwa kwata, kuma an tsaga layi duk bayan ƙafa 8 zuwa 10, don in zai tsage ya bi layin. Kada a cika wa kwaɓin ruwa don sauƙin shafe. Yana rage ƙarfi.

Bayan an gama, iskar hunturu da zafin bazara kan busar da kankare kafin ya nuna. A rufe shi da tsofaffin buhuna ko yashi, a riƙa ba shi ruwa safe da yamma har kwana 7. Malam mai gida, ka yi haƙuri ka kwanar da motarka a wani wuri na aƙalla mako biyu, domin kankare ba ya kai cikakken ƙarfinsa sai ya yi kwana 28.