Me Ya Sa Ƙanena Yake Dafa Bango?

'Yan'uwana ɗalibai, ina da ƙane ɗan shekara 7 da likita ya ce yana da tawahhud, wanda Hausawan Najeriya ke kira galahanga. Kowa ya san ba ya son haɗa ido, maganarsa kuma kaɗan ce. Abin da mutane ba sa lura da shi shi ne jikinsa.

In zai wanke ƙafa wajen alwala, sai ya dafa bango, in ba haka ba ya zube. Alƙalami kuwa damƙe shi yake yi kamar muciya, har tawada ta ɓata allon. Ba shi kaɗai ba ne. Tun 1943 wani likita a Amurka, Leo Kanner, da ya yi bayanin yara 11 masu wannan hali, ya ambaci cewa wasunsu tafiyarsu ba ta daidaita ba.

To, ina dalili? Tsayuwa kyam aikin abu uku ne: ido, da can cikin kunne, da jijiyoyin ƙafa da gaɓoɓi. Saƙonninsu suna haɗuwa a sashen ƙwaƙwalwa na wajen ƙeya, mukhaikh da Larabci. A wajen da yawa daga cikin waɗannan yara haɗuwar ba ta tafiya sumul, shi ya sa suke tangaɗi, musamman in sun rufe ido.

Saurin amsawa ma ana gwada shi. Ka riƙe misɗara a tsaye, abokinka ya buɗe yatsu biyu a gindinta, ka sake ta ba sanarwa. In ya cafke a kan santimita 20, ya ɗauki kusan kashi ɗaya cikin biyar na daƙiƙa. Ƙanena sau tari sai ta faɗi ƙasa. Wallahi ya ga faɗuwarta, hannun ne ke makara.

Wannan makarar ta ja masa bulala a baya, wai taurin kai, kuma har yau abin yana ci mini rai. Amma tsoron Inna ya fi nawa: gefen tur'a mai santsi, da titin Khartum zuwa Madani da ya ratsa Kamlin.

Yanzu kullum bayan la'asar ina ja masa layi a ƙasa ya bi, muna jifa da ƙwallon tsumma babba, alƙalaminsa kuma na naɗe shi da ƙyalle ya yi kauri. In na ce masa "tashi", sai in ƙirga biyar a zuci kafin in maimaita. A bakin titi dai har yanzu hannunsa yana cikin nawa.